Ranar da Sai-Ni Ya Rage wa Murya Kitse

A ƙaramin gidan rediyon da ke bayan tashar mota akwai wani mutum da kowa ke kira Sai-Ni. Ba a gida aka raɗa masa sunan ba, bakinsa ne ya jawo masa. In fanka ta tsaya sai ka ji ya ce, "Wannan sai ni." In famfo ya toshe, nan ma sai shi. Fankar tana sito har yau da fiffike biyu, famfon kuwa tun ranar da ya taɓa shi ake ajiye bokiti a ƙarƙashinsa. Abu ɗaya ne ya riƙe shi a gidan, wato Manaja yayarsa yake aure. Ainihin aikinsa naɗe wayoyi da goge tebura, amma ba ka raba shi da sukudireba uku a aljihun gaban riga, yana tafe yana buɗa hanci kai ka ce shi ya ƙirƙiro wutar lantarki.

Abin da ya tsone masa ido shi ne mabuɗin ɗakin na'ura. Shekara goma mabuɗin nan yana rataye a wuyan Baba Injiniya, tsohon da ya haɗa kayan gidan da hannunsa. To, ciwon yanar ido ya fara rufe wa Baba gani, zai ajiye aiki, Manaja kuma ya ce ranar da gidan zai cika shekara goma zai faɗi wanda zai gaji mabuɗin. Mutum biyu ake kallo. Akwai Shiru-Shiru, matar da ta shekara shida tana aiki a ƙarƙashin Baba, ba ta buɗe baki sai ta kama dole. Sai kuma Sai-Ni, wanda shi ya saka kansa a layin, kuma tuni ya ba tela ɗinkin rigar da zai karɓi mabuɗin da ita.

Yadda aikin yake kuwa, ɗakin ɗaukar murya yana cikin gari, amma eriyar da ke watsa shiri tana can kan dutse, tafiyar awa guda a ƙafa. Tsakaninsu akwai wata siririyar hanyar aika saƙo ta iska, mai laulayi, wadda da an yi hadari take fara tari. Saboda haka sai a ɗauki shiri, kwamfuta ta matse shi ya ƙanƙance, ta yayyanka shi gutsi-gutsi, ta tura. Na'urar kan dutse ta tattara gutsattsarin ta jera, sannan gari ya ji.

Wata rana Sai-Ni yana leƙe ta saman kafaɗar Baba, sai ya ga abin da ya ɗaure masa kai.

"Baba, dakata. Shirin nan nauyinsa ɗari ne, ka matse ya dawo goma. Yanzu kuma na ga sha huɗu. Wa ya ba shi abinci?"

"Ni na ba shi," in ji Baba, bai ko waiwayo ba. "Kowane gutsure ina maƙala masa sunan shirinsa da lambarsa, don na'urar can ta san wanne ne gaba, wanne ne baya. Sannan in ƙara masa ɗan abin gyara, in wani ya tsage a hanya a ɗinke shi da shi."

"Wato ka wahala ka rage, ka dawo ka wahala ka ƙara."

"Ɗan nan, abin da aka matse ba shi da sauran inda zai ɗauki duka. Kamar ƙwai ne a kwali. Ba ka cusa su haka kawai ka ɗora a mota, sai ka sa musu ƙaiƙayi a tsakani."

Sai-Ni ya yi wata 'yar dariya ta tausayi. "Baba, wannan ƙaiƙayin naka kitse ne. Zamani ya wuce wurin. Ni da zan samu kujerar nan, da shiri ya isa dutse kafin mai magana ya rufe baki."

"Allah ya tsare mu da ranar," in ji Baba.

Ranar kuwa ta zo. Ana gobe bikin cika shekara goma aka kira Baba asibiti za a yi masa aikin ido. Ya cire mabuɗin daga wuya ya damƙa wa Manaja, ya ce a ba Shiru-Shiru, kuma kada kowa ya taɓa komai. Kafin la'asar Sai-Ni ya isa gidan yayarsa. Ya zauna a bakin kujera ya langaɓe kai, ya ce shi dama ya san ba a ɗauke shi a bakin komai ba, bare ta fi jini daraja. Ya matso hawaye biyu da ƙyar. Yaya, da yake shi ne autansu kuma ita ta goya shi, ta tasa mijinta a gaba.

"Kwana ɗaya tak, ka gwada shi mana. In bai iya ba ai ka gani da idonka."

"Na ga fanka da idona," in ji Manaja.

"Fanka daban, na'ura daban. Auta yana da ƙwaƙwalwa, dama ce ba a ba shi."

Manaja mutum ne mai son zaman lafiya a gidansa. Washegari da safe mabuɗi yana wuyan Sai-Ni a kan sabuwar riga, Shiru-Shiru kuwa an tura ta tsakar gida ta jera kujeru, ta haɗa rediyo da lasifika don baƙi su ji shirin ƙarfe goma sha biyu tare da sauran gari.

Sai-Ni ya shiga ɗakin na'ura ya hau kujerar Baba, ya juya hagu, ya juya dama. Mulki ba ya daɗi ba mai kallo, sai ya ƙwala wa Maigadi kira ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Zan gwada hanyar da muryata, ka ga yadda ake yi."

Ya jawo makirufo ya gyara murya. Da farko "ɗaya, biyu" ya yi niyyar faɗa, amma da ya ga Maigadi yana murmushi sai baki ya ɓalle. Ya yi ta zuba kusan minti guda, Maigadi yana riƙe da ciki, shi kuma yana ƙara gishiri. Da ya gama ya tura gwajin zuwa dutse yadda Baba ya saba, yana kallon agogo.

"Ka gani? Maganar minti ɗaya ta ci minti huɗu a hanya. Tsoho ya mayar da mu kunkuru."

"To ai tana isa," in ji Maigadi.

"Jaki ma yana isa. Matsa ka ga aiki."

Ya buɗe inda Baba ya tsara abubuwansa. Abin gyara ya fara cirewa, ya ce wanda ya iya aiki ba ya tafiya da allura da zare. Nauyi ya sauka zuwa sha ɗaya. Ya cire sunayen shirye-shirye, ya ce ai gida ɗaya ne, kowa ya san kowa. Da ya zo kan lambobi sai kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ji haushi ƙwarai da na'ura za ta tuhume shi a gaban Maigadi, ya danna mata amsa da ƙarfi. Sannan, don kada tsoho ya dawo ya mayar da hannun agogo baya, ya goge tsarin Baba gaba ɗaya.

Ana cikin haka Shiru-Shiru ta leƙo neman waya. Idonta ya sauka a kan allon kwamfuta, ta tsaya cak.

"Malam, ina lambobin?"

"Na sallame su."

"In gutsure na bakwai ya riga na uku isa fa?"

"Don me zai riga shi? Tsere suke yi?"

"Wanda ya faɗi a hanya sake tura shi ake yi, sai ya zo a baya. Kuma ka duba gabas, hadari ne ke haɗuwa."

"Ke dai je ki ji da kujerunki. Ki tabbata ta Manaja ba ta girgiɗi."

Ta dube shi, ta dubi mabuɗin da ke wuyansa, ta ɗauki wayarta ta fita. Shi kuwa ya tattara jawabin Manaja da sanarwar cigiyar jaki da talla, ya tura su gaba ɗaya. Suka tafi cikin ƙiftawar ido. Daɗi ya kashe shi har ya tafa wa kansa.

Kafin sha biyu tsakar gida ta cika. Ga masu shaguna da ke ba da talla, ga shugaban direbobin tasha, ga Yaya a layin gaba ta ci ado tana ta nuna wa matan kusa da ita ƙaninta. Sai-Ni yana zagayawa yana kaɗa mabuɗi, duk wanda ya gaisa da shi sai ya ji labarin kitse.

"Shekara goma kuna jin murya mai teɓa," yake ce musu. "Yau za ku ji ta ta motsa jiki. Shiri zai isa dutse kafin mai magana ya rufe baki."

Iska ta taso ta fara kaɗa rumfa, yayyafi ya sauko. Sha biyu ta buga, Shiru-Shiru ta ƙara sautin lasifika. Muryar mai gabatarwa ta fito tas, Sai-Ni ya ɗaga gira yana duban jama'a.

"Masu sauraro, a wannan rana mai albarka, Manajan wannan gida namu..." Sai aka ji ƙit, muryar ta ci gaba ba ko numfashi. "...ya tsinke igiya tun ranar Talata. Yana da tabo a cinyar hagu, kuma yana harbi. Duk wanda ya gan shi ya taimaka ya ɗaure."

Wani a baya ya yi tari irin na mai haɗiye dariya. Manaja ya juyo a hankali ya dubi Sai-Ni.

"Sabon salo ne, Yallaɓai," in ji Sai-Ni. "Yanzu za ta daidaita."

Sai ga muryar Manaja da kansa, cike da nutsuwa. "Ina miƙa godiya ta musamman ga 'yan kasuwar da suka riƙe mu shekara goma. Abin da zan ce muku shi ne..." Ƙit. Muryar mai talla ta karɓe da fara'a. "...kwananku ya ƙare. Cin farko, sai a kwashe gawa da safe. Maganin ɓera mai alamar guduma."

Shugaban direbobi ya fashe, ya faɗo daga kujera. Daga nan ba wanda ya ƙara riƙe kansa. Mai shagon taya yana share hawaye yana cewa shi dai a bar shi ya rubuta wasiyya. Maigadi ya matso kusa da Manaja ya rusuna da ladabi.

"Yallaɓai, mutum uku sun bugo waya, sun ce sun gan ka a nan. In kawo igiyar ne?"

"Ɓace mini daga nan."

Yaya ta daina nuna kowa. Ta kira ƙaninta da ido, ya matso.

"Auta, mene ne wannan?"

"Yaya, laifin iska ne. Iskar yau ba ta da tarbiyya."

"Shekara goma ba a yi iska ba sai yau?"

"Minti biyu, yanzu zan gyara. Wannan sai ni."

Ya ruga ɗakin na'ura ya banko ƙofa ya murza mabuɗi ta ciki. A iya hankalinsa, tunda an sami matsala, to sauran kitse ne bai gama fita ba. Ya kama shirin ya sake matsewa, goma ta koma uku, ya tura a tsakiyar ruwan da ya riga ya kece. Gutsattsarin da suka isa dutse duk sun tsattsage, ba kuma abin ɗinke su. A lasifika Manaja ya koma magana kamar an tura kansa cikin tulu, daga nan ya koma kukan ƙwaro, daga nan sai wani ƙara mai huda kunne da ya sa jariri a layin baya ya tsala ihu.

Shiru-Shiru ta buga ƙofa. "Malam, buɗe. In na'urar dutse ta rasa abin kirki na minti uku, komawa take kan saƙo na ƙarshe da ya iso mata lafiya, ta yi ta maimaita shi. Haka Baba ya tsara don kada gari ya ji shiru."

"To ai ya yi kyau," ya amsa ta cikin ƙofa. "Sai ta sa kiɗan jiya."

"Ba ka tura komai da tsarin Baba yau da safe ba?"

Sai-Ni ya buɗe baki zai ce a'a, sai ya tuna. Gumi ya keto masa ta cikin sabuwar riga. Ya shiga danne-danne ba ji ba gani, amma duk abin da ya tura a hanya yake mutuwa.

Ƙaran ya ɗauke. Wata murya ta fito garau, ba tsaga ba ƙura, irin tsabtar da gidan bai taɓa fitarwa ba, don ita kaɗai ta yi tafiya da sunanta da lambarta da abin gyaranta.

"Ɗaya, biyu. Sabon Injiniya ke magana. Maigadi, ka san Manaja ko batir bai iya sa wa tocila ba? A gida Yaya ce ke canza masa tasha. Ita kuwa Yaya na san lagonta, hawaye biyu zan matso ta juya mini shi yadda nake so, jiya ma haka aka yi. Tsoho ya tafi a gyara masa ido, da ƙwaƙwalwar aka fara dubawa. Shiru-Shiru in ta yi biyayya zan bar ta tana goge mini takalmi. Masu tallan nan kuma duk kan kifi ne, ko kukan jaki ka sa musu sai su tafa. Gidan nan sai ni."

Aka ji dariyar Maigadi a ƙarshe. Daƙiƙa biyu, sai ta sake ɗaukowa daga farko. "Ɗaya, biyu. Sabon Injiniya ke magana."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya sai shugaban direbobi, shi ma da aka zo kan kan kifi ya tsuke fuska. Maigadi ya tuna yana da aiki a bakin ƙofar waje. Yaya ce ta miƙe, ta taka har ƙofar ɗakin na'ura, ta ƙwanƙwasa sau ɗaya.

"Auta, buɗe."

Ya buɗe. Ya langaɓe kai, ya fara ƙifta ido yana neman hawayen nan nasa.

"Kada ka wahalar da kanka," ta ce. "Na ji adadinsu a rediyo."

Ta zare igiyar mabuɗin ta kansa, har ta tafi da hularsa, ta juya ta rataya wa Shiru-Shiru a wuya a gaban kowa. Manaja ya gyaɗa kai. Kunya da baƙin ciki sun hana shi duban baƙinsa.

Shiru-Shiru ta zauna ta duba kwamfuta, a waje kuwa sabon Injiniya yana zagaye na huɗu.

"Yallaɓai, ya goge tsarin Baba. Zan iya sake ginawa, amma sai na kwana uku. Kafin nan ba abin da zai isa dutse ta iska, ko umarnin a kashe wannan."

"Wato haka zai yi ta zagina har kwana uku?"

"Sai dai a kai shirin da ƙafa a sa wa na'urar da hannu. Mota ba ta hawa in an yi ruwa."

Manaja ya numfasa. A karo na farko tun sha biyu fuskarsa ta ɗan saki.

"Wa ya ce shiri zai isa dutse kafin mai magana ya rufe baki?"

Duk tsakar gida ta juyo ta dubi mutum ɗaya.

"Yallaɓai, ni fa ƙafata tana ɗan..."

"Wannan sai kai," in ji Manaja.

Shiru-Shiru ta zuba shirin a filashi guda biyu. Ta manna wa kowanne takarda, ta rubuta sunan shiri da lamba, ta naɗe su a leda. Ta miƙa masa.

"Ɗaya a aljihun dama, ɗaya a na hagu."

"Guda ɗaya ai ya isa," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na biyun na mene ne?"

"Kitse ne," ta ce. "Ko da za ka faɗi a hanya."

Ya fita cikin ruwa, sabuwar riga ta manne masa a jiki. Hanyar dutse ta gaban tasha ta bi, ta ratsa layin masu shaguna, kuma ba shagon da bai ƙure rediyonsa ba. Ko'ina ya gifta muryarsa ce ke tarbarsa tana sanar da shi cewa gidan nan sai shi. Masu shaguna suka fito bakin rumfa suna masa sannu da aiki, wani ya tambaye shi ko ya ga jakin nan mai tabo, mai taya ya ce a gaida dutse in ji kan kifi. Sau biyu santsi yana kwashe shi a hawan. A faɗuwa ta biyu ya zauna daɓas a kan aljihun dama, ya ji abin ya yi ƙas.

Ya daɗe zaune a cikin taɓo. Sannan ya laluba aljihun hagu a hankali, ya ji na biyun yana nan lafiya, ya dafe shi da hannu bibbiyu ya ci gaba da hawa.